Yadda Ake Gina Kai da Fuska da Yumɓu Don Ƙananan Mutum-mutumi

Duk wanda ya fara ginin ƙananan mutum-mutumi zai gaya maka jiki ba ya ba da wahala irin ta kai. Babbar riga tana rufa wa karkatacciyar kafaɗa asiri, zane yana ɓoye ƙafar da ta gajarce, amma fuska a fili take, ko yaro ɗan shekara uku ya kalle ta zai ce ba ta yi ba. Yawancin masu koyo suna zaton a ido da leɓe matsalar take, sai su wuni suna caccakarsu da tsinke, alhali tun daga ƙoƙon kai aikin ya ɓaci. Kamannin mutum a ƙashinsa yake: tudun goshi, faɗin kumatu, tsawon haɓa, fitar ƙeya. Shi ya sa kake gane ɗan'uwanka daga nesa cikin cunkoson Kasuwar Barci tun ba ka ga ƙwayar idonsa ba. Saboda haka tsarin da za mu bi shi ne ƙashi tukuna, sannan nama, ido da baki su jira sai an zo kansu.

Akwai maganar da ba za a tsallake ba a gari irin Kaduna. Malaman Musulunci sun yi magana mai nauyi a kan suranta abu mai rai, musamman mai jiki da inuwa, kuma da yawansu sun togace 'yar tsanar yara saboda hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da ke cikin Bukhari da Muslim. Ba fatawa na zo bayarwa ba. Wanda abin ya shafa ya zauna da malaminsa, ya faɗa masa ainihin abin da zai gina da amfanin da za a yi da shi, 'yar tsana ce, kayan koyarwa ne, ko kuwa ado.

Sana'ar kuwa ba baƙuwa ba ce a jihar nan. A 1928 masu haƙar kuza suka tono ginin yumɓu na farko a kusa da ƙauyen Nok, cikin ƙaramar hukumar Jaba ta yanzu. A 1943 aka sami wani kai a yankin Jama'a, wanda har aka kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye kafin ya isa hannun Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, a Jos, shi kuma ya gane cewa hannun al'umma ɗaya ne ya gina su. Kawunan sun haura shekara 2,000. Idan ka sami sarari ka leƙa gidan tarihi na ƙasa da ke kan titin Ali Akilu, ka tsaya ka dubi yadda maginan Nok suka raba fuska gida-gida, suka huda ido da hanci da baki. Hudar nan ba ado kaɗai ba ce, za mu ga amfaninta wajen gasawa.

Wane yumɓu, kuma wane girma

Yumɓun roba da ake gasawa a obin, irin su Fimo da Super Sculpey, shi na fi ba mai koyo shawara. Ba ya bushewa a iska, kana iya ajiye fuska yau ka dawo mata jibi, kuma ba ya tsukewa yadda za a lura. Aibinsa tsada, kuma sau da yawa sai an yi odarsa ta intanet. Zafin Maris da Afrilu kuma yana sa shi laushi har ya riƙa manne wa yatsa. Maganin wannan: ka murza shi fale-fale, ka sa tsakanin fararen takardu biyu, ka danne da littafi ya kwana, takardar za ta tsotse rarar man da ke ciki, ya yi ƙarfi.

Akwai kuma ifoksi mai haɗi biyu, irin Milliput, wanda ake cuɗa kashi biyun daidai wa daida, ya sandare da kansa cikin awa uku zuwa huɗu. Yana ɗaukar zane siriri ƙwarai, amma ba ya jiran kowa, don haka ba na farkon koyo ba ne. Yumɓun da ke bushewa a iska, har da haɗin gida na garin sitacin masara da gam irin Top Bond, yana tsukewa sosai, kuma da hunturu kafin ka gama hanci goshi ya fara tsagewa.

Yumɓunmu na ƙasa, wanda masu tukwane ke aiki da shi, shi ne mafi arha, kuma ba a kai shi daɗin hannu ba. Sai dai tsakuwarsa: a kan da bai wuce santimita biyu ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta zama ƙari a kunci. Ka jiƙa shi ya narke, ka tace da ƙyalle mai laushi, ka bar shi ya kwanta, ka tsiyaye ruwan, ka shanya laka a kan buhu har ta kai yadda za ka cuɗa ba ta kama hannu ba. Ka kuma lissafa cewa zai tsuke da kimanin kashi ɗaya cikin goma tsakanin bushewa da gashi.

Maganar girma, lissafi ne mai sauƙi. Kan babban mutum, daga haɓa zuwa tsakar ka, yana kai santimita 22 zuwa 23. Faɗinsa wajen 15. Daga goshi zuwa ƙeya kuma wajen 19 zuwa 20. Tsawon mutum gaba ɗaya kusan kai bakwai da rabi ne. Idan za ka rage shi sau shida, kan zai zama milimita 38 a tsaye, 25 a faɗi, 32 daga gaba zuwa baya. Idan sau goma sha biyu ne, milimita 19 ke nan. Ka fara da na sau shida. Wanda ya fara da ɗan mitsitsi ba zai ga kuskurensa ba balle ya gyara. Duk alƙaluman da za su biyo baya na wannan girman ne. Mai yin na sau goma sha biyu sai ya raba biyu.

Kayan aiki ba sa bukatar wani kuɗi. Tsinken tsire, tsinken sakace, allura da basilla, ƙaramin kwarashi, reza, biron da tawadarsa ta ƙare, burushin fenti mai laushi, tsohon buroshin haƙori, takardar foyil, da kamfas ɗin nan na cikin akwatin lissafin 'yan makaranta don awo. Wayar alminiyam da ƙananan ƙwallayen boris na keke kuwa, zagaye ɗaya a kasuwar Panteka ko wajen mai gyaran keke ya wadatar. Ka goga bakin tsinkayen sakace a takardar yashi, wani ya zama mai faɗi, wani mai dunƙule. Sai ƙaramin madubi, da fitila guda da za ta hasko daga sama ta gefe ɗaya. Hasken da ke zuwa ta ko'ina yana shafe inuwa, kuma da inuwa ake ganin tudu da kwari.

Mataki na farko: ƙoƙon kai

Dunƙule foyil a kan tsinken tsire, ka matse shi sosai har ya yi tauri, ya zama ƙasa da girman kan da kake so da kamar milimita 4 ta kowane ɓangare. Rufe shi da yumɓu. Daga yanzu tsinken za ka riƙa riƙewa, ba kan ba, domin ɗumin yatsa yana lotsa ɓangaren da ka gama yayin da kake gyara ɗayan.

Siffar ba ƙwallo ba ce. Guda biyu ne a haɗe: ƙoƙon ƙwaƙwalwa mai siffar ƙwai da ya kwanta daga goshi zuwa ƙeya, sai fuska da muƙamuƙi da suka rataya a gabansa suna tsukewa zuwa haɓa. Danne gefe da gefe su ɗan baje, don kan mutum a shafe yake ta wajen kunnuwa. Sannan ka auna da kamfas: 38, 25, 32. Wanda ake yawan tauyewa shi ne 32 ɗin. Mai koyo hankalinsa na kan fuska, sai ya bar ƙeya a shafe, kuma duk kyan fuskar da ya ɗora a kai ba za ta yi kama da ta mutum ba. Juya kan ta gefe: ramin kunne kusan a tsakiya yake, har ya ɗan fi kusa da baya, kuma duk abin da ke bayansa ƙwaƙwalwa ce da ke bukatar wurinta.

Yanzu ja layuka da allura, a hankali. Ɗaya a tsaye, daga tsakar ka ya ratsa tsakiyar fuska zuwa ƙarƙashin haɓa. Ɗaya a kwance a daidai rabin tsawon kai, milimita 19 daga haɓa. Nan ido yake. Kusan kowa yana son ya hau da ido sama da haka, ka yarda da kamfas, kada ka yarda da zuciyarka. Daga inda gashi ya fara zuwa haɓa kuma ka raba uku: layin farko gira, na biyu ƙasan hanci. Tsakanin ƙasan hanci da haɓa, tsagar baki tana kashi ɗaya cikin uku daga sama. Duk lokacin da ƙarin yumɓu ya rufe layin tsakiya, ka sake ja.

Mataki na biyu: tudu da kwari

Da dunƙulallen tsinke ko bayan burushi, danna ramukan ido biyu a kan layin, masu faɗi, ba ɗigo ba. Yumɓun da ya tashi sama shi ne ƙashin gira. Tsakanin tsakiyar rami da rami milimita 10 zuwa 11. Danna gefen goshi, bayan ƙarshen gira, ya ɗan faɗa ciki.

Ga wata dabara da za ta raba ka da karkatar fuska: duk abin da yake biyu, daga curi ɗaya za ka ciro shi. Mulmula curi, raba shi biyu da reza, ɗaya dama ɗaya hagu. Haka za ka yi wa ƙashin kumatu, wanda ke tasowa daga ƙarƙashin ido ya miƙe zuwa ramin kunne. Haka za ka yi wa kusurwar muƙamuƙi, wadda take ƙasan kunne, kusan daidai da layin baki. Sai ɗan curi na haɓa.

Abin da aka fi mantawa shi ne tudun baki. Leɓe ba a kan shafaffen wuri yake ba, a kan haƙora yake, su kuma haƙora a lanƙwashe suke. Manna rabin curi tsakanin ƙasan hanci da saman haɓa, ka shafe gefensa ya bi kumatu. A fuskokin mutanenmu da yawa wannan tudun ya fito gaba sosai, kuma wanda ya kwaikwayi awon littattafan zanen Turawa ido rufe zai ƙare da fuskar Bature mai baƙin fenti. Waɗancan awon ma'auni ne na farawa. Mutumin da ke gabanka shi ne hujja.

Hanci a wannan mataki ɗan dala ne kawai mai kusurwa uku, daga tsakanin gira zuwa layinsa. Kada ka huda shi tukuna.

Tsaya nan. Wannan ne wurin da ya cancanci ka ɓata lokaci. Dubi kan ta sama, kana kallon goshi zuwa hanci zuwa haɓa: shin kumatu biyun sun fito daidai? Dubi ta ƙasan haɓa. Ɗaga shi gaban madubi, domin idon da ya saba da karkata ba ya ganinta sai an juya masa ita. Ɗauke shi hoto da waya, ka rage hoton ya zama ɗan ƙarami. Idan a haka, ba ido ba baki, ya yi kama da mutum, har kana iya cewa namiji ne ko mace, tsoho ko yaro, to ka wuce gaba. Idan bai yi ba, babu fatar idon da za ta cece shi. Mai aiki da yumɓun roba, idan ya so, yana iya kankare ɗan siririn sama ya gasa wannan ƙoƙon na minti goma sha biyar don ya sami tushe mai tauri, sannan ya shafa ɗan gam kaɗan, ya bari ya yi danƙo, ya ci gaba da ɗora sabon yumɓu.

Mataki na uku: ido

Ƙwayar idon mutum kusan milimita 24 ce, wato milimita 4 a namu. Yi amfani da abu mai tauri: ƙwallon boris, dutsen ado na gilashi, ko curin yumɓu da ka riga ka gasa. Na roba kada ka sa, yana iya narkewa a obin. Tura su cikin ramin har sai, idan ka duba ta gefe, gaban ƙwayar bai wuce layin da ya haɗa ƙashin gira da kunci ba. Duba ta sama ka tabbatar zurfinsu ɗaya. Minti biyar a nan ya fi awa guda daga baya.

Fatar ido ita ce siririn yumɓu da ka baje. Fara da ta ƙasa, ka kwantar da ita ta rungumi ƙwayar. Sannan ta sama, wadda ta fi kauri da tsawo, tana rufe saman baƙin ido kaɗan, kuma a kusurwar waje ita ke hawa kan ta ƙasa. Idan ta sama ba ta taɓa baƙin ido ba, mutumin zai fito a firgice. Idan ta sauko da yawa, mai gyangyaɗi. Fatar tana da kauri, ka bar bakinta ya nuna, domin wannan ɗan kaurin ne ke jefa inuwa a ƙwayar. Da bakin allura danna kusurwar ciki, wajen hanci, ka kuma ja layin naɗin da ke saman fatar. Faɗin fuska a wannan layi kusan ido biyar ne, kuma tsakanin ido da ido faɗin ido ɗaya.

A kan da bai kai milimita 10 ba, bar batun ƙwaya. Tsaga ɗaya da inuwar gira ta wadatar, fenti ya ƙarasa.

Hanci da baki

Ƙara ɗan curi a ƙarshen hanci, da biyu ƙanana a gefe don fukafukansa. Littattafai za su ce faɗin hanci daidai yake da tazarar da ke tsakanin idanu. A fuskoki da yawa a nan ya fi haka, kuma karan hancin ya fi kwanciya, wasu kuma nasu siriri ne dogo. Huda ƙofofin daga ƙasa da basilla, ka ɗan tura waje don fuffuken ya kumbura. Ƙofar hanci ƙasa take kallo. Zagaye bayan kowane fuffuke da tsinke ya rabu da kunci.

Baki ana fara shi da tsaga. Da reza yanka layin a kan tudun nan, faɗin milimita 8 ko 9, iyakarsa kusan ƙarƙashin tsakiyar idanu. Layin ba miƙaƙƙe ba ne, yana ɗan sauka a tsakiya. Danna kusurwoyin biyu su shige ciki da bakin biro. A nan fara'a da fushi suke zaune, kuma rabin milimita sama ko ƙasa yana canza halin mutumin gaba ɗaya. Da tsinke mai faɗi tura leɓen sama ya juyo sama, na ƙasa ya juyo ƙasa. Idan kauri bai isa ba, ƙara: leɓen sama gida uku ne, ɗaya a tsakiya biyu a gefe, na ƙasa gida biyu. Sai 'yar kwarin da ke tsakanin hanci da leɓe, da lotsawar da ke ƙarƙashin leɓen ƙasa kafin haɓa ta taso. Kada ka zagaye leɓe da layi mai zurfi, gefen leɓen ƙasa narkewa yake cikin fata. Buɗaɗɗen baki mai haƙora kuwa, ka bar shi sai hannu ya faɗa.

Kunne da wuya, a gurguje

Kunne milimita 10 ne, daga layin gira zuwa layin ƙasan hanci, a bayan muƙamuƙi, ya ɗan kwanta baya. Curi ɗaya a raba biyu, a baje, a manna ta gaba, bayan ya ɗan ɗaga. Ramin tsakiya da bakin biro, naɗin baki mai siffar harafin C, da tudu mai siffar Y a ciki. Ya isa, idan hula ko ɗankwali zai rufe, ko hakan ma ba sai an yi ba. Wuya kuma ba a tsaye yake ƙyam ba, gaba ya karkato, kuma ta baya ya fi hawa sama. Sa tsokar da ta taso daga bayan kunne ta gangaro zuwa ramin da ke saman ƙirji, da zakaran wuya idan namiji ne.

Idan wani takamaiman mutum ake so

Nemi izininsa da hotuna uku: ta gaba, ta gefe sak, da tsaka-tsaki. Hoton da mutum ya ɗauki kansa da hannu ba ya aiki, kusancin kyamara yana kumbura hanci ya ɓoye kunnuwa. A tsaya nesa da kamar mita biyu a jawo hoton. Na gefen shi ne mai daraja. Rage shi a waya ya zo daidai milimita 38, ka ɗora kan kusa da shi kana gwada layin goshi, hanci, leɓe da haɓa.

Sannan ka tambayi kanka: me ya raba wannan fuska da ta kowa? Abu biyu ko uku ne galibi, ko doguwar haɓa, ko idanu da suka shige, ko faɗin goshi. Waɗannan ka ɗan ƙara musu gishiri, domin a ƙaramin girma gaskiya tsantsa takan fito lami. Mace ƙashin girarta bai cika tudu ba, muƙamuƙinta ya fi tsukewa. Yaro ƙoƙon kansa babba ne, idonsa yana ƙasa da rabin kai, haɓarsa 'yar ƙarama. Tsufa kuma ba yawan layuka ba ne, faɗawar nama ce: gefen goshi ya lotsa, kumatu sun sauko, leɓe ya sirance, layin da ya taso daga gefen hanci zuwa gefen baki ya yi zurfi. Idan za ka ja tamoji, shimfiɗa farar leda siririya a kan fuskar ka ja ta samanta, layin zai fito da laushi ba kamar yanka ba. Tsagar gado, irin bille ko kalangu ko 'yar baka, ita ce ta ƙarshe, da ƙarshen reza, sama-sama, kuma ka tambayi mai ita adadinta da wurinta. Kuskure a nan ya wuce na ado, ka canza wa mutum asali ke nan.

Gashi, hula, rawani

Gashi yana da kauri, ba a zana shi a kan ƙoƙo. Shimfiɗa siririn yumɓu, ka gyara layin goshi da saje, ka daddanna da buroshin haƙori don gajeren gashi da gemu. Kitso kuwa, ja layukan tsaga tukuna yadda mai kitso ke yi, sannan ka kwantar da siraran igiyoyin yumɓu kana danna su da allura hagu da dama. Hula, ko zanna ce ko ƙube, a kan cikakken ƙoƙo ake ɗora ta, ta sauko har tsakiyar goshi. Zanen zarenta aikin fenti ne. Rawani da ɗankwali ka murza yumɓu da kwalba ya yi fale-fale, ka yanka dogo, ka naɗa yadda ake naɗa na gaske. Yadin gaske ya yi kauri a wannan girma, naɗinsa ba ya kwanciya.

Kafin gasawa, tsoma burushi mai laushi a sifirit, ka tsane shi, ka shafe sawun yatsa da na tsinke. Kaɗan, don sifirit yana narkar da saman yumɓun roba, zai iya cinye fatar idon da ka sha wahala a kanta. Yumɓun ƙasa da Milliput ruwa ake sa musu. Da hunturu ka riƙa kifa kofin gilashi a kan aikin duk lokacin da ka tashi, ƙura tana manne wa yumɓun roba ba ta fita.

Gashi

Fimo ana gasa shi a digiri 110 a ma'aunin Salshiyos na minti 30. Super Sculpey digiri 130, minti 15 ga kowane kaurin milimita 6. Abin da ke jikin fakitinka shi ne gaba da komai. Sayi ma'aunin zafi na obin, lambobin da ke jikin maɓalli ba abin dogaro ba ne, musamman a ƙananan obin na lantarki da na gas. Soka tsinken a gwangwanin yashi kan ya tsaya bai taɓa komai ba, ka yi masa rumfa da foyil don hanci da kunnuwa kada su ƙone. Idan an ɗauke wuta ana tsaka, ba asara. In ta dawo ka sake lissafi daga farko. Daɗewa ba ta cika ɓata shi ba, wucewar zafi ce ke ƙona shi, hayaƙinsa kuma ba na shaƙa ba ne, a buɗe taga. Wanda ba shi da obin yana iya bin hanyar masu gasa kek da tukunya da yashi a kan ƙaramar wuta, amma da ma'aunin zafi a ciki, kuma tukunyar ta fita daga ta girki. Bar shi ya huce kafin ka taɓa; da zafinsa yana da rauni.

Na yumɓun ƙasa ba a sa masa foyil a bari, don zai tsuke a kan abin da ba ya tsukewa ya fashe. Gina shi cike, idan ya fara ƙarfi amma bai bushe ba, yanka shi da zare ta bayan kunnuwa, ƙwaƙule ciki ka bar kaurin kamar milimita 5, karce bakunan, shafa ruwan yumɓu mai kauri, ka mayar. Bar ƙofa ta wuya. Ruwan da ya rage a cikin yumɓu yana zama tururi a wuta, in bai sami hanya ba sai ya tarwatsa aikin. Ramukan ido da hanci da baki na kawunan Nok suna daga cikin abin da ya ba shi hanya. Busar da shi a inuwa, a ƙarƙashin leda mai 'yan huji, kwanaki da dama, da damina ma fiye. Sannan ka kai wa masu tukwane su sa maka shi cikin wata tukunya a gasa tare da nasu.

Fenti da haɗawa da jiki

Wanke kan da ruwan sabulu ya bushe. Fentin akirilik, a tsinke shi da ruwa, shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri da zai cike ƙofar hanci. Fatar baƙin mutum ba baƙa ba ce: fara da ruwan ƙasa mai duhu da ɗan ja a ciki, ka ƙara duhu a ramin ido, ƙarƙashin hanci, leɓe da haɓa. Wurin da haske ke sauka, goshi da karan hanci da ƙashin kumatu, ka haska shi da ruwan ƙasa mai ɗan ruwan goro ko rawaya. Idan ka haska da fari, fuskar za ta yi furu-furu kamar ta wanda bai shafa mai ba da hunturu. Farin ido ma ba fari fat ba ne, karya shi da ɗigon ruwan ƙasa. Baƙin ido milimita 2 ne, ya taɓa fatar sama, kuma ka ɗiga duka biyun a zama ɗaya don su kalli wuri guda. Siririn layi mai duhu a ƙarƙashin fatar sama yana farkar da ido ko da mutumin ba mai sa kwalli ba ne.

Rufe da banish na ruwa marar sheƙi, ka ɗiga mai sheƙi a ƙwayar ido kaɗai. Jan farce da banish na feshi suna iya sa yumɓun roba ya riƙa danƙo bayan watanni, ka nisance su.

Zare tsinken, ka cusa wayar alminiyam a ramin da gam mai ƙarfi, ka bar santimita biyu a waje da za su shiga kafaɗa. Kafin ka manne, gwada kan a jikin ka auna ko tsawon ya ba da kai bakwai zuwa bakwai da rabi. A ƙananan girma, kan da ya ɗan fi ƙa'ida ya fi kyan gani a kan wanda ya gaza. Juya shi kaɗan zuwa gefe ɗaya, ka sunkuyar da haɓa ko ka ɗaga ta gwargwadon halin mutumin, sannan ka cike mahaɗar da Milliput ko ka bar wuyan riga ya rufe ta.